Wasan golf: bugu uku-uku a kan girin ya ishe ni, fotar ce ko hannuna?

Abban Sadiq: Salam jama'a barkanmu da dare. Dan Allah ina da tambaya ga manyan gidan nan. Diraiba, sandar dogon bugu, na tafiya yadda nake so, ayon na matsakaicin bugu ma alhamdulillah ba laifi, ina hawa girin, wato ɗan filin da ramin yake, a kan lokaci, amma da zarar na zaro fota, sandar gara ƙwallo zuwa rami, shikenan wasa ya watse, bugu uku a rami ɗaya ya zame min jiki. Abin ya fi muni in na je Abuja inda ciyawa ce, na farko ya wuce rami ya yi gaba abinsa, na biyu ya gaza, na ukun ma sai da addu'a. Akwai yaronmu da zai dawo daga Dubai, ina tunanin in ba shi saƙon sabuwar fota irin mai faffaɗan kan nan. Wacce za ku ba ni shawara?

Ɗan Hotoro: Oga ka sayi fotar Spider ta kamfanin TaylorMade kawai ka huta. Scottie Scheffler ai irin matsalarka ya yi fama da ita, duk duniya ba wanda ya kai shi iya ɗora ƙwallo a girin amma fotin, wato bugu da fota, na ba shi kunya, watan Maris na 2024 ya ajiye siririyar ya ɗauki mai faffaɗan kai, a satin ya ci gasar Arnold Palmer, sati na gaba ya ci Players, Afrilu ya ɗauke Masters. Me kuma ya rage

Injiniya: Ɗan Hotoro ka faɗi rabi ka haɗiye rabi. Tun wajen Satumban 2023 ya ɗauki mai koyar da fotin, Phil Kenyon ɗan Ingila, watanni suna gyaran tsayuwa da riƙo kafin a zo maganar canza sanda. Kuma in sanda ce ke ci, Tiger Woods da siririyar fota ƙirar Scotty Cameron guda ɗaya tak ya ci 14 cikin manyan kofunansa 15. Abban Sadiq ka riƙe dalarka tukuna, a yanayin canjin nan ba a wasa da ita

Tsohon Kadi: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a je Dubai bari in tambaye ka abu ɗaya, bugu ukun nan daga ina yake farawa? Bugun farko ne kake barinsa nesa da rami, ko kuwa kana kawo shi kusa kamar taku ɗaya sannan ka zubar da ɗan gajeren? Don cuta biyu ce daban kuma maganinsu daban

Abban Sadiq: Malam na farkon ne gaskiya. Wani lokacin bugu na biyu ya fi ƙarfin a kira shi gajere, taku biyu ko uku ke raguwa

Tsohon Kadi: Toh ai ka ba kanka amsa ranka ya daɗe. Wannan ba saiti ba ne, awon ƙarfi ne, kuma ba fotar da ake sayarwa da awon ƙarfi a cikin kwalinta. Mu da muka koyi wasan nan a kan burawun, wato yashi da aka cuɗa da baƙin mai, hannunmu ya saba da duka. Burawun yana riƙe ƙwallo, sai ka ɗan mare ta da wuyan hannu kafin ta isa, ga shi mafi yawansa a miƙe yake ba wani gangare na kirki, ga kadi, mai ɗaukar jakar sanduna, ya ja maka abin sharar nan mai guntun kafet a baki daga rami har inda ƙwallonka take, ya yi maka titi sumul, wani lokacin ma gefen titin ne ke tare ƙwallon ya maido ta hanya kai kana ta jin daɗi wai ka iya saiti. Sai ka ɗauki wannan hannun ka kai shi kan ciyawar da aka aske aka danne, irin ta IBB a Abuja ko Ikoyi a Legas, marin da a nan zai kai ta taku biyar a can sai ta yi takwas ko tara. Ka ga ta wuce sai tsoro ya kama ka, bugu na biyu ka ja hannu baya da nisa sannan ka taka burki dab da ƙwallon, ta gaza. Ina tsaye a bayan mutane da jaka na sha ganin wannan, tun kafin a buga na san inda za ta tsaya

Alhaji Bompai: Ku dai yaran zamani da son girin. Ba girin-girin ba dai ta yi mai, namu kuwa da mansa 😂 Ni shawarata ɗaya ce Abban Sadiq, ka buga da ƙarfinka ka nufi bayan rami. Tunda nake wasan nan ban taɓa ganin rami ya taso ya tari ƙwallo a hanya ba. In ta wuce aƙalla ka ba ta dama

Injiniya: Allah ya ja da ran Alhaji, a nan kam zan ɗan ja da kai. Faɗin rami inci 4.25 ne, wato santimita 10.8, ƙwallon kuma inci 1.68. Amma wannan faɗin ba duka ne naka ba, ya danganta da gudun da ta zo da shi. Ƙwallon da ta zo a gajiye tana iya faɗawa ta gaba, ta gefe, har ta zagaya ta faɗa ta baya. Wadda ta zo da gudu sai ta tsakiya kawai, in ta taɓa gefe sai ta lashi bakin ramin ta fice, wannan da muke cewa wayyo ta leƙa ta dawo. Masu lissafi sun auna, in gudunta ya haura kusan mita 1.6 a daƙiƙa ko tsakiyar ta saita tsallakewa za ta yi. Ma'ana duk ƙarfin da ka ƙara, ramin kake ragewa da hannunka

Alhaji Bompai: Injiniya lissafi daban fili daban. Bakin rami duk sawun takalma ne, kowa nan yake takawa ya ɗauki ƙwallonsa, wadda ta zo a gajiye kowane ɗan tudu sai ya kautar da ita

Injiniya: Wannan gaskiya ne kuma ba kai kaɗai ka lura ba. Dave Pelz, wanda ya yi aiki a NASA kafin ya koma binciken golf, saboda wannan sawun ne ya ce gudun da ya fi shi ne wanda in ba ta shiga ba za ta wuce da inci 17, kusan santimita 43. Ka ga bai ce a bar ta a hanya ba, amma inci 17 kusan kamu ɗaya ne kawai Alhaji, ba taku uku ba

Maman Ilham: Sannunku da hira. Ni abin da ke ba ni mamaki da mazan gidan nan, kowa ya zo fili sai ya nufi wajen gwajin dogon bugu ya zazzage bokiti guda da diraiba, sannan ya zo ya gara ƙwallo biyu da fota ya ce a tafi. Diraiba sau nawa za ka zaro ta a ramuka 18, in ta yi yawa 14. Fota fa? Ƙwararrun gasannin PGA na Amurka ma wajen 29 suke yi a zagaye ɗaya, mu kuwa kowa ya san nasa. Mu mata da ba mu da dogon bugu a nan muke kama ku kuma kun sani

Ɗan Hotoro: Hajiya an zo wajen 😂

Maman Ilham: Ai gaskiya ce ƙanina

Injiniya: Bari in ƙara wani abu da zai kwantar wa Abban Sadiq hankali, don ina ganin rabin matsalarmu buri ne ya yi yawa. Akwai wani farfesa a jami'ar Columbia a Amurka, Mark Broadie, shi ya fito da lissafin da PGA ta fara amfani da shi a 2011 wajen auna fotin. Ƙwararrun nan da muke kallo a talabijin, daga ƙafa 3 kusan duka suke zurawa, daga ƙafa 8 rabi ne kawai, ƙafa 10 wajen kashi 40 cikin ɗari, ƙafa 20 wajen kashi 15. Daga kusan ƙafa 33 yiwuwar su yi bugu uku ta kamo yiwuwar su zura a bugu ɗaya. Talabijin waɗanda suka shiga yake nuna mana shi ya sa muke zaton kowa zurawa yake. Toh in wanda wannan ce sana'arsa yana zubar da rabi a ƙafa 8, kai ɗan kasuwa da ke zuwa Asabar da Lahadi me zai sa ka tsaya a ƙafa 30 kana neman lallai sai ta shiga, ka zabga mata ƙarfi. Daga can aikinka ka ajiye ta inda bugu na biyu ba zai sa gabanka ya faɗi ba

Abban Sadiq: Tabɗijan, rabi a ƙafa 8? Wlh na zaci ba sa zubarwa. Toh Malam yaya ake koyon awon ƙarfin, tunda ba a sayarwa

Tsohon Kadi: Abu na farko ka daina canza ƙarfin duka, ka riƙa canza tsawon jan hannu. Kafaɗu ne ke lilo, wuyan hannu a kulle amma ba a ƙanƙame ba, in rami na kusa ka ja kaɗan, in yana nesa ka ja da yawa, amma lokacin da lilon ke ɗauka iri ɗaya ne. Ni ina sa yarana su riƙa cewa ɗaya-biyu a zuci, ɗaya ja baya, biyu taɓa ƙwallo, ko taku biyu ne ko taku ashirin ɗaya-biyun ba ya canzawa.

Na biyu, in ka je wajen gwaji ka manta da rami gaba ɗaya na ɗan lokaci. Ka soke ti, ɗan tsinken nan da ake ɗora ƙwallo a kai, ɗaya a taku biyar, wani a taku goma sha biyar. Ƙwallon farko ta ɗan wuce ti na farko, ta biyu ta ɗan wuce ta farko, ta uku ta wuce ta biyu, haka haka, ka ga ƙwallo nawa za ka iya jerawa kafin ka kai ti na ƙarshe. Duk wadda ta gaza ta gabanta ka koma farko. Da farko huɗu ma da ƙyar, in hannu ya faɗa sai ka ga kana jera takwas, goma. Sannan ka juya ka yi shi ta gangare, don gangaren ne ke tona asiri.

Na uku shi ne ido. In kana shago a Kwari yaronka na can bakin layi ka ce ungo mukulli ka jefa masa, ai ba hannunka kake kallo ba, shi kake kallo, kuma ba ka taɓa tsayawa lissafin taku nawa ne ba, hannu ne ke bin ido. Toh lokacin lilon gwaji ramin za ka kalla ba ƙwallo ba, ka yi lilo biyu idonka na can, ka matso, kallo ɗaya, ka buga. Mutanenmu sai su daskare a kan ƙwallo suna kallonta har hannu ya manta nisan da ido ya gani

Ɗan Hotoro: Jordan Spieth ma a wasu gajerun bugu ramin yake kallo har ya buga, ba ya kallon ƙwallon sam, kuma a haka ya ci Masters da US Open a 2015

Tsohon Kadi: Haka ne, amma kar Alhaji ya fara da wannan, a gwaji dai ya yi

Dokta: Ni tawa matsalar akasin ta Abban Sadiq ce, dogon ba ya ba ni tsoro, ina kawo ta kusa lafiya lau. Ɗan taku ɗayan nan ne, musamman in abokan wasa sun yi shiru suna kallo, sai in ji hannun dama ya yi wata zabura shi kaɗai, ƙwallon ta fice ta hagu. Abin haushi a wajen gwaji ba ya faruwa

Injiniya: Dokta naka fuskar fota ce. A gajeren bugu inda fuskar ke kallo lokacin da ta taɓa ƙwallo shi ke yanke sama da kashi 80 na inda za ta nufa, hanyar da sandar ta bi kaɗan take ƙarawa. Kuma kuskuren da ake magana ƙanƙani ne, digiri ɗaya kacal in ka karkace, a ƙafa 10 ya zama inci biyu da ɗan ɗoriya, rabin faɗin ramin kenan, kana bakin fita. Ga gwajin da ba ya cin kuɗi, ka samu rular ƙarfe mai mita ɗaya wajen masu kayan gini a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, ka shimfiɗa a tsakar ɗaki inda yake a miƙe, ka ɗora ƙwallo a ƙarshenta, yawanci akwai ɗan huji a nan da zai riƙe ta, ka buga. Faɗin rular wajen santimita 3 ne, in ƙwallon ta bi ta har ƙarshe ba ta faɗo ba karkatarka ba ta kai digiri ɗaya ba. In kullum ta hagu take faɗowa ka san fuska na rufewa. Rular ba ta kara, ba ta jin kunyar kowa

Tsohon Kadi: Rular na da kyau. A fili kuma akwai ta Tiger da kowa ya sani, ti biyu a soke gefe da gefen kan fota, ƙofa ƴar matsattsiya da kan zai wuce da ƙyar, ƙwallo a tsakiya, taku ɗaya da ɗan kai daga rami. In ka taɓa ti ka san ba da tsakiyar fuska ka buga ba. Wannan ma ya shafi Abban Sadiq, don bugun da ya sauka a hancin fota ko dundunniyarta ba ya tafiya kamar na tsakiya, lilo iri ɗaya nisa daban, sai mutum ya rasa gane kan hannunsa. A gida ka ɗaura kyauron roba biyu a kan fotar ka bar tsakiya kawai a buɗe, in ka kuskure robar za ta kashe bugun ka ji a hannunka.

Amma Dokta zaburar da kake faɗa ni na san ta, ba rashin iyawa ba ce. Abin da na ga yana taimako shi ne a raba hannun dama da mulki. Ko ka sauko da hagu ƙasa dama a sama, ko ka yi riƙon da dama ke dafa sandar da yatsu kawai kamar an riƙe biro. Sannan ka daina bin ƙwallo da ido, ka kafa ido a inda take har sai kunnenka ya ji ta faɗa. Yawancin masu zubarwa ta hagu kai ne ke ɗagowa da wuri, kafaɗa ta biyo shi, fuska ta rufe

Dokta: Na gode Malam. A ɓangarenmu ana kallon abin ta fuska biyu, wani damuwa ce ke kawo shi, wani kuma tsokar ce ke ƙwacewa saboda maimaita motsi ɗaya shekara da shekaru, irin yadda yake samun wasu marubuta da makaɗa. Shi ya sa canza riƙo ke da ma'ana a wajena, an ba ƙwaƙwalwa sabon aiki. Bernhard Langer ya sha fama da shi ba sau ɗaya ba kuma ya ci Masters a 1985 da 1993, Lucas Glover ma shekaru yana wahala sai da ya koma doguwar fota ya ci gasa biyu a jere a Agustan 2023. Sanin abu a littafi dai daban, hannunka ya ƙi jin magana a gaban mutane daban

Alhaji Bompai: Doguwar fotar ba an haramta ta ba?

Injiniya: A'a Alhaji, sandar halas ce. Abin da aka hana daga 1 ga Janairun 2016 shi ne jingina ta da ƙirji ko ciki ko haɓa. Adam Scott da jinginannar ya ci Masters a 2013 kafin dokar ta fara aiki. Yanzu sai dai ka riƙe ta ba tare da irin wannan jinginar ba

Baƙo Mai Kallo: Ni dai an saka ni a gidan nan ne ban san hawa ba ban san sauka ba, ana fama da kuɗin shinkafa ku kuna lissafin inci 17. Wasan masu kuɗi

Maman Ilham: Bawan Allah wanda ya fi kowa iya magana a zauren nan da ɗaukar jaka ya fara. Ka zo ran Asabar a ara maka sanda

Ɗan Hotoro: Toh duk kun yi maganar ƙarfi da fuska ba wanda ya taɓo karatun girin. Ni yanzu AimPoint nake koyo a YouTube, ka tsaya ƙwallon na tsakanin ƙafafunka ka ji wacce ƙafa ta fi ɗaukar nauyi, ka ƙiyasta gangaren kashi ɗaya ne ko biyu ko uku, sai ka ɗaga yatsu daidai adadin ka saita gefen yatsan. Mark Sweeney ne ya ƙirƙiro, Justin Rose da Adam Scott duk suna yi

Alhaji Bompai: Kai ne ashe kake tsayar da mu a rana kana ɗaga yatsu kamar mai rantsuwa. Yaro mu muna so mu gama kafin azahar

Ɗan Hotoro: Baba ai daƙiƙa goma ce 😭

Tsohon Kadi: Ƙafa na gane gangare fiye da ido, wannan ban musa ba, mu ma tun da can muna yi ba mu san yana da suna ba, kana tafiya da jaka kana jin inda ƙasa ta karkata. Amma a burawun ɗaga yatsu ɓata lokaci ne. A ciyawa kuwa ga abin da zan ce, duk lanƙwasar da idonka ya gani ka ƙara mata. Kusan duk wanda na taɓa ɗaukar wa jaka ta ƙasan rami, wato gefen da gangaren ya nufa, yake zubarwa, da wuya ka ga wanda ya zubar ta sama. Dalili, mutum na kallon inda ƙwallon za ta fi lanƙwasa ya saita can, alhali tun daga barinta fota ta fara gangarowa, kuma mafi yawan lanƙwasar a ƙarshe take lokacin da gudu ya mutu. Wadda ta bi ta sama kullum matsowa take, ko ba ta shiga ba tana nan kusa. Wadda ta bi ta ƙasa guduwa take. Kuma girin in ya fi santsi lanƙwasa ta fi yawa, don a hankali kake bugawa, gangaren na samun lokacin aiki a kanta. Ka ga ɗan burawun a Abuja duka biyu ke cinsa, ƙarfi ya yi yawa lanƙwasa ta yi kaɗan.

Sai kwanciyar ciyawa. Irin ciyawar da ake shukawa a ƙasashen zafi tana kwantawa gefe guda. Ka tsaya bayan ƙwallo, in ka ga girin na ƙyalli fari-fari ciyawar ta kwanta ta bi hanyarka, zai yi gudu. In ka ga ya yi duhu kore shar tana fuskantarka, sai ka ƙara. Ka leƙa bakin ramin ma, gefen da ya yi kaca-kaca kamar ya bushe, can ta nufa

Injiniya: Santsin ma ana auna shi, akwai wani ƙarfe mai kwari a tsakiya tsawon inci 36, Stimpmeter, Edward Stimpson ya ƙirƙiro a 1935. A ɗora ƙwallo a ɗaga har ta gangaro da kanta, a auna ƙafa nawa ta yi. Manyan gasa suna kai 12 ko 13. In ka je baƙon fili ka tambayi masu kula da shi nawa yake gudu yau

Tsohon Kadi: Ko ba ƙarfen ma Injiniya. Ka samu miƙaƙƙen waje, ka ja fota daga babban yatsan ƙafar dama zuwa na hagu, ƙwallo uku, ka taka ka ƙirga. In a gida wannan jan na ba ka taku huɗu a can ya ba ka bakwai, ka san lissafin ranar tun kafin rami na ɗaya. Minti biyar ne. Kuma ko a nan gida ka riƙa yi, don burawun na safiyar hunturu da na bayan ruwan Agusta da na tsakar ranar Afrilu ba ɗaya ba ne, kuma ka riƙa goge ƙwallo, yashin mai in ya manne mata gefe guda ba ta gara daidai

Abban Sadiq: Kai jama'a na ƙaru wlh. Amma dan Allah fotar fa, ba ta da wani tasiri kenan ko kaɗan? Tawa ta gwanjo ce na saya tun ina sabon shiga

Tsohon Kadi: Tana da shi ta wajen tsawo da dacewa da lilonka, ba ta wajen tsada ba. Yawancinsu inci 33 zuwa 35 ne, kai kuma ba dogo ba ne ranka ya daɗe, in 35 ce za ta tura ka baya hancinta ya ɗaga sama. Ka tsaya yadda ka saba, ka saki wata ƙwallo daga karan hancinka, in ta faɗo kan ta ƙasa ko ɗan ciki kaɗan lafiya, in ta faɗo can kusa da takalminka sandar ta yi maka tsawo, a yanke inci ɗaya a sa sabuwar robar riƙo, in tsohuwar ta yi santsi dama ita ke sa mutum ƙanƙamewa. Sannan ka ɗora sandar a kan yatsa kusa da kai, in fuska ta kalli sama ta masu lilo miƙe ce, in hanci ya rataya ƙasa ta masu lilo mai ɗan zagaye ce. Ka kawo ta in gani

Maman Ilham: Kuma ka riƙa rubutawa a katinka, ba jimillar fotin kawai ba don tana ruɗi, ranar da ka yi ta kuskure girin kana cif, wato ɗan gajeren bugun hawa girin, daga gefe sai ka ga fotin ya yi kaɗan ka zaci ka gyaru. Ka rubuta bugu uku sau nawa, da takun da ya rage bayan bugun farko. Ni da ɗan layi nake ja a jikin ƙwallo in saita shi, doka ta yarda, yana cire min kokwanto a gajeru. A dogaye ba na kula shi don yana ɗauke min hankali daga ƙarfi

Dokta: Tutar da ke cikin rami fa, a bari ko a cire? Tun da dokar 2019 ta ba da dama a bar ta nake ganin kowa da nasa

Alhaji Bompai: A bari mana, ita ke tare min in na zo da gudu

Injiniya: Ka ga Alhaji ya tona kansa 😂 Ni daga nesa ina bari don ido ya samu abin kamawa, a kusa ina cirewa, in iskar hunturu ta kwantar da ita wajenka ma rage maka ramin take

Alhaji Bompai: Injiniya surutu ya isa. Asabar bayan asuba, ni da kai, ƙwallo goma-goma daga taku biyu, sannan goma-goma daga taku goma sha biyu, a ƙirga bugun kowa har sai ta shiga. Ni in buga irin nawa kai ka yi ta lallaɓawa da inci 17 ɗinka. Wanda ya sha ƙasa shi zai sayi balangun kowa

Injiniya: Na yarda amma da sharaɗi, ba kyauta, ko kamu ɗaya ya rage sai an buga, don na san abokanka da saurin cewa ɗauka Alhaji ta shiga. Kuma rabi ta gangare

Alhaji Bompai: Ta gangaren ma na yarda. Malam kai ne alƙali

Tsohon Kadi: Toh Allah ya kai mu. Ƙarfe bakwai ya fi, kafin masu fita zagaye su cika wajen. Dokta ka zo da wuri mu gwada riƙon nan kafin ƴan kallo su taru, Ɗan Hotoro kai za ka riƙe kati

Maman Ilham: Ku saka ni a ƙirgar, ba kallo zan zo ba. Balangun kuma ban da yaji da yawa